Wata Ɗaya Ne, Mazaunan Masu Dubansa Ne Suka Bambanta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci rana da wata, ya sanya wa kowannensu hanyar da yake bi ba ya ƙetare ta, ya mai da su ma'auni ga bayinsa domin su san lokutan ibadarsu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, kowace shekara idan watan Sha'aban ya kwana ashirin da tara, ko kuwa watan Ramadan ya kai haka, sai gari duka ya ɗauki magana ɗaya, watau maganar tsayuwar wata. Wasu su fita bayan gari suna duban yamma, wasu su kasa kunne ga rediyo, wasu kuma su zuba wa wayoyinsu ido. Kafin a yi sallar lisha labarai sun fara shigowa, ana cewa an gan shi a Sa'udiyya, ba a gan shi a Maroko ba, mutanen Indonesiya sun ce sai jibi. Daga nan sai gardama ta kaure a ƙofar masallatai da majalisun hira. Har akan sami gida ɗaya, maigida ya kwana da niyyar azumi, ɗansa kuwa ya wayi gari ya sa rigar salla ya nufi idi, kowannensu yana ganin ɗayan ya saɓa wa Allah.

Tambayar da ke bakin mutane ita ce: tun da wata ɗaya ne, Ubangijinsa ɗaya, addini kuma ɗaya, yaya za a yi wasu su gan shi yau, wasu sai gobe? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ba yau aka fara irinta ba. Masu tafsiri sun ambata cewa wasu daga cikin sahabbai sun tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dalilin da ya sa wata ke fitowa siriri, ya yi ta girma har ya cika, sa'an nan ya koma yadda ya faro. Sai aya ta 189 ta Suratul Baƙara ta sauka, tana bayyana cewa an yi haka ne domin mutane su san lokutansu da lokacin aikin Hajji. To, abin da aka yi domin ya zama ma'aunin ibada, ya cancanci Musulmi ya san yadda yake tafiya, domin rashin sani ya fi dare duhu.

YADDA WATA KE GIRMA DA RAGUWA

Farkon abin da ya kamata a sani shi ne, wata ba shi da hasken kansa. Dunƙulallen jiki ne na duwatsu da ƙura, wanda hasken rana ke sauka a kansa ya dawo ga idon mutane, kamar yadda bangon da aka shafe da farar ƙasa ke haskakawa idan an ajiye fitila a gabansa. Wasu masu tafsiri na dā sun yi nuni ga wannan a wurin bayanin aya ta 5 ta Suratu Yunus, inda aka siffanta hasken rana da kalma daban, na wata kuma da kalma daban.

A ɗauki misalin tulu da aka ajiye a tsakar gida cikin duhun dare, aka kunna fitila ɗaya a gefensa. Rabin tulun da ke fuskantar fitila shi ne mai haske, ɗaya rabin yana cikin duhu. Wanda ya tsaya ta wajen fitila zai ga tulun duka a haske. Wanda ya tsaya daga gefe zai ga rabi haske rabi duhu. Wanda kuwa ya koma bayan tulun, ba abin da zai gani sai ɗan siririn haske a baki-baki. Haka al'amarin wata yake. Kullum rabinsa yana cikin hasken rana, amma da yake yana kewaya duniya, abin da mutane ke hange daga wannan rabin mai haske yakan ƙaru, yakan ragu.

Idan wata ya shiga tsakanin duniya da rana, gefensa mai duhu ne ke fuskantar mutane, sai a ce wata ya ɓuya. Wannan shi ne abin da malaman falaki ke kira iƙtirani, watau haɗuwar rana da wata, kuma daga wannan lokaci ake fara ƙirga sa'o'in sabon wata. Sa'an nan sai ya riƙa nisantar rana ta wajen gabas da misalin digiri 12 kowace rana. A dare na bakwai ya zama rabi, a na goma sha huɗu ko sha biyar ya cika, ya fito daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa a yamma. Daga nan ya fara raguwa, kowane dare yana jinkirin fitowa da misalin minti 50, har ya koma siriri a gabas da asuba, ya lanƙwashe kamar busasshen reshen dabinon da aka kwatanta shi da shi a aya ta 39 ta Suratu Yasin.

Wannan kewaye yana ɗaukar kwana 29 da sa'a 12 da minti 44 a matsakaicin lissafi. Da yake ba a ƙirga rabin yini a kwanan wata, sai wani wata ya zo da kwana 29, wani da 30, kamar yadda Annabi ya nuna wa sahabbai da yatsunsa masu albarka. Shekarar Hijira kuwa takan zama kwana 354 ko 355, watau ta gaza shekarar rana da misalin kwana 11. Shi ya sa azumi ke zagaya damina da kaka da hunturu da bazara, ya dawo inda ya faro cikin misalin shekara 33.

KAMANNINSA A SASSAN DUNIYA

Tsakanin duniya da wata akwai tazarar misalin kilomita 384,000, faɗin duniya kuwa bai wuce misalin kilomita 12,700 ba. Ke nan za a iya jera duniya talatin a wannan tsakani. Saboda wannan nisa, dukan mutanen duniya, daga Sin har Amurka, kamar mutane ne da ke zaune a kan tabarma ɗaya suna hangen tulu ɗaya daga nesa. Don haka a kowane lokaci gwargwadon hasken wata ɗaya ne ga kowa. Ba a taɓa samun daren da wata ya cika a Kano alhali yana rabi a Alƙahira ba.

Abin da ke bambanta shi ne yadda yake zaune a sama. Mutumin London, can arewacin duniya, idan ya dubi jinjirin wata da almuru, galibi zai gan shi a karkace yana neman miƙewa tsaye, haskensa yana wajen hannun dama. Mutumin Afirka ta Kudu, a daren nan ɗaya, zai ga hasken ya karkata wajen hannun hagu. Mutanen da ke kusa da layin tsakiyar duniya kuwa, kamar na Kampala da Nairobi, sukan gan shi a kwance kamar ƙwarya, ƙahoninsa biyu suna duban sama. Ƙasar Hausa ba ta da nisa da wannan layi, shi ya sa a nan ma galibi a kwance ake ganinsa, ya fi daidaita daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, ya fi karkata wajen ƙarshen damina.

Dalilin wannan ba mai wuyar ganewa ba ne. Idan almajiri ya rubuta harafin nun a kan rairayi, mutum ɗaya ya tsaya ta arewa, wani ta kudu, wani ta gabas, kowannensu zai ga harafin ya fuskanci wani wajen dabam, alhali rubutun bai motsa ba. Duniya dunƙulalliya ce, mutanen da ke tsaye a kanta kawunansu ba su fuskanci waje ɗaya ba. Ƙa'idar da ba ta sākewa a ko'ina ita ce, cikin jinjirin wata mai haske kullum yana fuskantar inda rana ta faɗi, ƙahoninsa suna ba ta baya.

Daga wannan mai hankali zai gane ɓatancin camfin masu cewa karkatar wata tana nuna ruwan bana, ko yunwa, ko mutuwar wani babba. Karkatar da aka gani a Zariya ba ita aka gani a Johannesburg ba a daren nan, to, wace ce daga cikinsu za ta ba da labarin gaibu? Ranar da Ibrahim ɗan Annabi ya rasu an yi husufin rana a Madina, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Annabi ya tashi ya kore wannan zato, ya sanar da su cewa rana da wata ayoyin Allah ne waɗanda mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta taɓa su.

DALILIN DA YA SA WASU KE RIGA WASU GANINSA

Haɗuwar rana da wata tana aukuwa a lokaci ɗaya ga duniya duka. Amma Shari'a ba ta rataya azumi a kan wannan haɗuwa ba, ta rataya shi a kan ganin jinjirin wata bayan faɗuwar rana, ita kuwa rana ba ta faɗuwa a lokaci ɗaya a ko'ina. Duniya tana juyawa digiri 15 kowace sa'a, mutanen gabas suna riga na yamma shiga dare. Ko a cikin Nijeriya, mutumin Maiduguri yakan sha ruwa misalin rabin sa'a kafin mutumin Sakkwato. Tsakanin Makka da Kano kuwa akwai misalin sa'a biyu. Ba a taɓa jin wani mai hankali a Kano ya sha ruwa da la'asar domin ya ji an kira magariba a Harami ba.

To, a cikin waɗannan sa'o'i da ke tsakanin magaribar gabas da ta yamma, wata ba ya tsayawa. Kowace sa'a yana ƙara nisa da rana da misalin rabin digiri, yana ƙara kauri, yana ƙara jinkirin faɗuwa. Jinjirin da ya nutse cikin jan almuru a Indonesiya, kafin rana ta faɗi a Afirka ta Yamma ya ƙara sa'o'i bakwai, kafin ta faɗi a yammacin Amurka ya ƙara fiye da rabin yini. Saboda haka galibi idan an gan shi a gabas, ganinsa a yamma ya fi sauƙi, amma ganinsa a yamma ba ya nuna cewa mutanen gabas sun yi sakaci.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan. Alhawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, da Albattani wanda ya rasu a shekarar 929 ta Miladiyya, duk sun yi lissafi a kan sharuɗɗan da jinjirin wata ke ganuwa da su. A shekarun 1930 wani masanin falaki Bafaranshe mai suna Danjon ya nuna cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai misalin digiri 7 ba, ido ba ya kama shi. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido, ba tare da madubin hangen nesa ba, ya haura sa'a 15 daga haɗuwa, kuma galibin mutane ba sa ganinsa sai ya wuce haka da nisa. Wani lokaci ma, a yammacin 29 ga wata, wata yakan riga rana faɗuwa, ka ga a irin wannan dare babu abin da za a gani. Ban da wannan akwai hadarin damina, da hazon hunturu, da gajimaren da ke rufe ƙasashe irin su Ingila kwana da kwanaki, har ya sa wasu masallatansu ke bin sanarwar Maroko, wasu ta Sa'udiyya.

Abin da ya faru a ƙarshen azumin shekarar 1444, watau 2023, ya isa misali. Ranar Alhamis 20 ga Afrilu, wadda ta zo daidai da 29 ga Ramadan, rana da wata suka haɗu da misalin ƙarfe 5 da minti 12 na asuba agogon Nijeriya. Babu shakka a cikin wannan, domin a safiyar aka yi husufin rana a yammacin Ostareliya da gabashin Indonesiya, shi husufin rana kuwa haɗuwar ce da kanta ake gani ƙuru-ƙuru. Da rana ta faɗi a Jakarta, sabon watan bai cika sa'a 7 ba. A Makka ya kai sa'a 11 da rabi, a Sakkwato 13 da rabi, a gaɓar yammacin Amurka kuwa ya kai sa'a 22. Hukumomin Indonesiya da Malesiya da Oman da Maroko suka cika azumi talatin, suka yi salla ranar Asabar. Sa'udiyya da Nijeriya suka karɓi shaidar gani, suka yi salla ranar Jumma'a. Mai karatu zai lura da cewa Maroko tana yamma da Makka, amma ta jinkirta. Wannan ya nuna saɓanin yana da tushe biyu: wani daga sama yake, wani kuma daga yadda kowace hukuma ke auna shaidar da aka kawo mata.

ABIN DA MALAMAI SUKA FAƊA

Wannan saɓani ya faru tun zamanin sahabbai. Imam Muslim ya ruwaito cewa Ummul Fadli, mahaifiyar Abdullahi ɗan Abbas, ta aiki wani mutum mai suna Kuraibu zuwa wurin Mu'awiya a Sham. Yana can watan Ramadan ya tsaya, ya gan shi da idonsa a daren Jumma'a, mutane suka gan shi, Mu'awiya ya ɗauki azumi tare da su. Da ya komo Madina a ƙarshen wata, Ibn Abbas ya tambaye shi yaushe suka ga wata, ya gaya masa. Ibn Abbas ya sanar da shi cewa su a Madina sai daren Asabar suka gan shi, kuma za su ci gaba da azumi har su cika talatin ko su ga wata. Kuraibu ya tambaye shi ko ganin Mu'awiya da azuminsa bai wadatar ba, ya amsa masa da cewa bai wadatar ba, ya kuma jingina wannan ga umurnin Manzon Allah. Abin lura a nan shi ne, Ibn Abbas bai ƙaryata Kuraibu ba, bai kuma ce azumin mutanen Sham ya ɓaci ba.

Malaman mazhabobi sun yi wa mas'alar kallo biyu. Abin da ya shahara a mazhabar Imam Malik, da ta Abu Hanifa, da ta Ahmad ɗan Hambali, shi ne idan ganin wata ya tabbata a wani gari ta hanyar da Shari'a ta yarda da ita, hukuncin ya hau kan sauran waɗanda labarin ya isa gare su, domin umurnin azumi da ganin wata an fuskantar da shi ga al'umma ne gaba ɗaya. Shafi'awa kuwa sun tafi a kan cewa ana lura da saɓanin mafitar wata, garuruwan da suka yi nisa da juna kowane yana da nasa gani, hujjarsu ita ce hadisin Kuraibu. A cikin Malikawa ma, Ibn Abdil Barri na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 463 ta Hijira, ya ambata cewa malamai sun haɗu a kan ba a ɗora wa ƙasashen da suka yi matuƙar nisa ganin juna, ya ba da misalin Andalus da Hurasan. Alƙarafi na Masar, wanda ya rasu a shekara ta 684, ya ƙarfafa cewa kowace jama'a tana da nata gani, kamar yadda take da tata alfijir da tata magariba.

A wannan zamani an yi ƙoƙarin haɗa kan Musulmi a kan ma'auni ɗaya. An yi taro a Istambul a 1978, inda aka shardanta cewa tazarar wata da rana ta kai digiri 8, tsayinsa daga ƙasa kuma ya kai digiri 5 a lokacin faɗuwar rana. An sake wani taron a birnin a 2016 domin neman kalanda ɗaya ga Musulmin duniya. Duk da haka ƙasashe ba su taru a kan hanya ɗaya ba. Abin da manyan malamai suka yi shekaru fiye da dubu suna tattaunawa cikin ladabi, bai kamata yaron da ya karanta ƙaramin littafi ɗaya ya yanke shi a bakin titi, har ya kafirta ubansa a kansa ba.

SHAIDAR GANIN WATA AMANA CE

A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, irin su Risala da Muhtasar na Shehu Halilu, an bayyana cewa wata yana tabbata da ɗayan abu uku: cikar watan da ya gabata kwana talatin, ko shaidar adilai biyu, ko ganin jama'a mai yawa wadda ba zai yiwu ta haɗa baki a kan ƙarya ba. An kuma bayyana cewa ba a tabbatar da shi da maganar mai lissafin taurari. Wanda ya gan shi, wajibinsa ne ya kai shaidarsa ga hukuma. Wanda ya ga watan Shawwal shi kaɗai, ba shi da izinin ya fito ya sha ruwa alhali jama'a suna azumi.

Akwai wani hukunci a Muhtasar da ya kamata masu gaggawar shaida su yi tunani a kansa. Idan mutum biyu suka yi shaidar ganin watan Ramadan, aka yi azumi kwana talatin a kan maganarsu, sa'an nan aka duba a dare na talatin da ɗaya, sama tana garau, ba a ga wata ba, to, an ƙaryata su. Watau malaman fiƙihu sun yarda cewa sama da kanta tana iya tona asirin mai shaida. Haka kuma Taƙiyyuddin Assubki, babban malamin Shafi'iyya wanda ya rasu a shekara ta 756, ya yi fatawa cewa idan tabbataccen lissafi ya nuna ganin wata ba zai yiwu ba a wani dare, to, a mayar da shaidar wanda ya ce ya gan shi, domin ko dai ya yi kuskure ko ya yi ƙarya. Wasu malamai sun saɓa masa, amma maganarsa tana nuna cewa ilmin falaki, wanda yake lissafin tafiyar rana da wata, dabam yake da duba da bokanci, kuma yana iya zama mataimakin alƙali wajen tantance shaida ko da ba a fara azumi da shi ba.

Mutumin kirki ma yakan yi kuskure. Yakan hangi siririn gajimare, ko hayaƙin jirgin sama da hasken almuru ya doka, ko tauraruwar nan Zara, ya ɗauka wata ne, musamman idan zuciyarsa tana ɗokin gani. Don haka babu wulaƙanci idan alƙali ko wakilin sarki ya tambayi mai shaida ƙarfe nawa ya gan shi, ta wane gefen mafaɗar rana, ina tsayinsa, ina ƙahoninsa suka fuskanta. Wanda ya ce ya gan shi a gabas da magariba, ko ya ce ƙahoninsa suna duban inda rana ta faɗi, ya ba da amsa a kan kansa. Amma wanda ya ƙaga gani da gangan, don neman suna, ko don garinsu ya riga wani gari, ko don ƙungiyarsu ta nuna ta fi wata, to, ya sani shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Da kalma ɗaya zai sa miliyoyin bayin Allah su ci abinci a yinin Ramadan, ko su yi azumin ranar da ba a umurce su ba, kuma zai tarar da wannan nauyi a gaban Ubangijinsa.

Akwai kuma masu cewa, idan suka ga wata ya tsaya da girma ya kuma jima bai faɗi ba, wai wannan na kwana biyu ne, an ci musu azumi ɗaya. Lissafin da ya gabata ya warware wannan. Jinjirin da yake da sa'a 13 jiya, ido bai kama shi ba, yau yana da sa'a 37, dole ya fito da kauri da tsayi, kuma duk da haka yau ne darensa na farko. Imam Muslim ya ruwaito cewa wasu masu zuwa Umra sun yi irin wannan gardama a Baɗnu Nahla, wani ya ce na kwana uku ne, wani ya ce na biyu, da suka tambayi Ibn Abbas sai ya mayar da su ga daren da suka gan shi.

ABIN DA YA HAU KAN KOWA

Saɓani tsakanin Jakarta da Sakkwato yana da uzuri a sama da kuma a littafi. Saɓanin da ke tsakanin ƙasashe biyu maƙwabta, kamar yadda wani lokaci akan samu tsakanin Katsina da Maraɗi, yana da uzurin cewa kowace tana ƙarƙashin hukumarta, ko da yake zai fi kyau shugabannin addini na ƙasashen su riƙa tuntuɓar juna tun da samansu ɗaya. Saɓanin da ba shi da uzuri shi ne na gari ɗaya, unguwa ɗaya, gida ɗaya, inda ake kafa idi biyu ko uku. Tirmizi ya ruwaito hadisi daga Abu Huraira wanda ke nuna cewa azumi da shan ruwa da layya ana yinsu ne ranar da jama'a suka yi. A kan haka malamai da yawa suka yi fatawa cewa wanda ya fara azumi a ƙasarsu ya tafi Umra, zai yi salla ne tare da mutanen Makka, idan kuwa azuminsa ya tsaya a 28 sai ya rama ɗaya.

A Nijeriya Mai Alfarma Sarkin Musulmi, wanda shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, shi ke ba da sanarwa bayan rahotanni sun iso ta hannun sarakuna da kwamitin ganin wata. Nauyin da ke kan waɗannan shugabanni shi ne su tsananta bincike, su saurari malaman fiƙihu da masana falaki, kada kunyar wani ko matsin jama'a ya sa su karɓi abin da ba su natsu da shi ba. Nauyin da ke kan talaka kuwa shi ne ya fita ya duba, in ya gani ya kai rahoto, in bai gani ba ya yi shiru ya jira. Idan ya bi sanarwar shugabansa ya sauke abin da ke wuyansa, ko da daga baya ta bayyana an yi kuskure. Kada ya yi azumin ranar shakka da sunan taka-tsantsan, kada kuma ya yaɗa labarin da bai san tushensa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ya kamata kuma iyaye su farfaɗo da al'adar fita duban wata tare da 'ya'yansu kowane ƙarshen wata, ba sai na azumi kaɗai ba, domin wanda ya saba ganin jinjirin Rajab da Sha'aban ba ya ruɗewa a na Ramadan. Su koya musu addu'ar da Annabi ke yi idan ya gan shi, wadda a cikinta yake roƙon aminci da imani da zaman lafiya da Musulunci, yana kuma shaida cewa Ubangijinsa da na watan ɗaya ne, shi ne Allah. Wanda ya roƙi zaman lafiya a daren da wata ya tsaya, bai dace ya wayi gari yana gāba da maƙwabcinsa a kan watan ba.

Allah ya haɗa kan Musulmi a kan gaskiya, ya shiryi shugabanninsu ga abin da yake daidai, ya tsare harsunan masu shaida daga ƙarya, ya karɓi azumin na gabas da na yamma baki ɗaya. Amin.